Shanyewar Ɓarin Jiki: Ana Gadonta? Saiwa Tana Maganinta?

Da wuya a sami ƙauyen da babu mai shanyayyen ɓarin jiki. Mutum ne lafiya lau, ya yi sallar asuba, ya saɓi fartanya ya nufi gona. Kafin hantsi sai a ɗauko shi ranga-ranga. Baki ya karkace, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun saki, magana ba ta fita. Wani kuwa da dare ya kwanta garau, gari ya waye ya kasa tashi.

Nan da nan sai zance ya rabu. Wasu su ce ya gamu da iska. Wasu su ce jifa ne, an yi masa ne saboda rikicin gona. Tsofaffi kuwa su kaɗa kai su ce, "Ai haka mahaifinsa ya yi, haka ma yayarsa. Abin a jininsu yake." Kafin a gama musu an aika kiran mai magani, an jiƙa sassaƙe, an turara hayaƙi. Asibiti sai bayan kwana uku ko mako guda, in an ga abin ya ƙi.

Maganar tsofaffin nan tana da ƙamshin gaskiya. Likitoci sun daɗe suna bin diddigin yadda ciwon ke bin dangi. Sun kuma ɗauki wasu saiwoyi da ganyaye sun gwada a kan dubban majinyata. Wani sashe na wannan bincike a asibitocin Kano da Zariya da Kaduna aka yi shi, da jinin mutanen ƙasar nan.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN KAI

Ciwon a hannu da ƙafa ake ganinsa, amma a ƙwaƙwalwa yake. Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane yadda abin yake. Zuciya kamar injin ban-ruwa take. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Ƙwaƙwalwa kuwa ita ce lambun, kowane fangali da aikinsa: wannan na motsa hannu, wancan na magana, wancan na gani. Fangalin da ruwa ya yanke masa zai bushe. Sai dai shukar lambu tana iya jure kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci take fara mutuwa.

Ta hanya biyu jini ke yankewa. Ko dai jijiya ta toshe, saboda gudan jini ko daskararren kitse ya tsaya a cikinta. Ko kuma jijiya ta fashe, jini ya malale cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda tsohon tiyo ke fashewa in inji ya yi masa ƙarfi. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki, na dama kuma ya sarrafa hagu. Shi ya sa ɓari ɗaya ne ke shanyewa. A yawancin mutane wurin magana a hagu yake, don haka wanda damansa ta shanye ya fi yawan rasa baki.

Ido ba ya iya bambanta toshewa da fashewa. Likita ma sai ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'ura kafin ya tabbatar. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a sake komowa kansa.

ANA GADONTA?

Kowane manomi ya san iri. Gero mai dogon zangarniya shi ke haifar mai dogon zangarniya. Haka ɗan'adam ma. A cikin jikin kowa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin gado. Sun kai wajen 20,000. Kowane mutum rabi ya ɗauko daga uwa, rabi daga uba. Su ke sa ɗa ya ɗebo hancin mahaifinsa ko tsawon kakarsa. Su ne kuma ke da hannu a ƙarfin jijiyar jini, da yadda ƙoda ke fitar da gishiri, da saurin daskarewar jini.

A wani gari mai suna Firamingam a Amurka, likitoci sun yi shekaru da dama suna bin lafiyar iyaye da 'ya'yansu. A 2010 suka ba da sakamako. Wanda uwarsa ko ubansa ya sami shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 65, haɗarinsa ya kai ninki uku na wanda iyayensa ba su samu ba. Ashe dai tsofaffin ƙauye ba su yi ƙarya ba.

Daga nan sai masana suka shiga neman ƙwayar gadon da ke jawo haka. A 2022 aka fitar da wani babban bincike da masana na ƙasashe da yawa suka haɗu suka yi. Sun duba jinin majinyata fiye da 110,000, suka gwama da na mutum miliyan ɗaya da rabi waɗanda ciwon bai kama ba. Akwai jinin 'yan Nijeriya da Gana a ciki. Ba su tarar da ƙwaya ɗaya tilo ba. Wurare 89 suka samu a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, kowane ɗaya da ɗan nauyinsa kaɗan. Kamar ƙwayar gero ce a cikin mudu: ɗaya ba ta komai, sai sun taru suke nauyi. Wani an haife shi da mudunsa rabi, wani kusan cike.

To, wanda mudunsa ya kusa cika, shi ke nan tasa ta ƙare? An yi wannan tambaya a Birtaniya. An bi mutum fiye da 306,000 har tsawon shekara bakwai, aka ba da sakamako a 2018. An kasa su ta hanya biyu. Da farko bisa nauyin gadonsu. Na biyu bisa halinsu na yau da kullum: shan taba, irin abinci, ƙiba, da motsa jiki. In ciwon ya kama mutum 100 cikin masu sauƙin gado, ya kama kamar 135 cikin masu nauyin gado. Amma in ya kama 100 cikin masu kula da kansu, ya kama kamar 166 cikin masu sakaci. Watau sakaci ya fi gado nauyi. An kuma ga cewa masu nauyin gadon ma, in sun kula, haɗarinsu yana raguwa.

Akwai wata ƙwayar gado da ta shafi mutanen Afirka ta Yamma musamman. Sunanta APOL1. Labarinta da ban mamaki. Wani nau'inta yana ba jiki kariya daga wani irin ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Saboda haka ta yawaita a yankunan da ƙudan yake, don masu ita sun fi tsira su hayayyafa. Amma a 2010 aka gano cewa wanda ya gaji wannan nau'i daga uwa da uba duka, ya fi saurin kamuwa da ciwon ƙoda. A 2018 kuma masu bincike na Nijeriya da Gana suka ga alamar tana da hannu a toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Garkuwar da ta tsare kakanni ita ce ta zama kaya a kan jikoki.

Sai dai kada a ɗora wa jini komai. Akwai gadon jini, akwai kuma gadon tukunya. 'Yan gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci. In uwar gida mai nauyin hannu ce wajen gishiri da dunƙule, haka 'ya'yanta mata za su koya su kai gidajen mazansu. In uba mashayin taba ne, da wuya a rasa ɗan da zai ɗauka. Wannan irin gado kam ana iya sauke shi.

BINCIKEN DA AKA YI A GIDA

Shekara da shekaru yawancin bincike a kan Turawa ake yin sa, sannan a kawo sakamakon Afirka. Wannan ya sa likitocin Nijeriya da Gana suka kafa nasu, mai suna SIREN. Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin jagororinsa. An yi aikin a asibitoci 15, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Daga 2014 zuwa 2017 sun tara majinyata 2,118. Kowane majinyaci aka nemo masa sa'ansa mai lafiya, namiji da namiji, mace da mace, 'yan ƙabila ɗaya. Aka auna su duka, aka tambaye su abin da suke ci da yadda suke rayuwa. Nufin shi ne a ga me ya raba wanda ya faɗi da wanda bai faɗi ba.

Sakamakon ya fito a 2018. Kashi 68 cikin ɗari toshewa ce, kashi 32 fashewa. Wannan fashewa ta fi yawan da ake gani a ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Har wa yau, kusan ɗaya cikin kowane majinyaci huɗu bai kai shekara 50 ba. Magidanta ne masu ƙarfi a jika da matan da ke da goyo ko 'ya'ya ƙanana.

Abin da ya fi kowane girma shi ne hawan jini. Mai hawan jini haɗarinsa ya ninka na marar shi wajen sau 19. A cikin kowane mutum 10 da ciwon ya kayar, kusan 9 hawan jini na da hannu. Bayansa sai yawan kitse a jini, da ciwon suga, da teɓa, da ciwon zuciya, da shan taba, da rashin motsa jiki, da yawan damuwa, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da cin nama kullum. Sai kuma wani abu da zai faranta wa mutanen karkara rai: waɗanda ba sa cin ganye sosai, haɗarinsu ya ninka fiye da sau biyu. Ke nan kwaɗon zogale da na rama, da miyar alayyafo da tafasa, waɗanda wasu ke rainawa suna cewa cimar talaka, sun fi tsiren kasuwa amfani ga jijiya.

Shi hawan jini kansa yana bin dangi. Yawancin abin da ake cewa "a jininsu yake" ta wannan ƙofa yake shigowa. Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Mutum zai yi shekara goma da shi ba ciwon kai, ba jiri, yana noma yana cin kasuwa, alhali jijiyoyinsa suna ta cinyewa. Ba a gane shi sai da awo. Ma'aikacin asibiti zai ɗaura wani ƙyalle a damtse ya hura, ya karanta lamba biyu. In lambobin sun kai 140 bisa 90 ko sun wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to akwai hawan jini.

YARA MASU AMOSANIN JINI

Akwai wuri ɗaya da gado ke da ƙarfi ƙwarai, shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila. A nan ƙwayar gado ɗaya ce tak. Kusan ɗaya cikin kowane ɗan Nijeriya huɗu yana ɗauke da ita daga ɓangare ɗaya. Shi ne ake ce wa AS, kuma lafiyarsa lau. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki da aka samu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya fito SS, watau mai ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haifar irin waɗannan jarirai wajen 150,000 kowace shekara a Nijeriya. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure, kuma wannan gwaji yana ciki.

Jinin mai sikila yana lanƙwashewa kamar lauje, ya riƙa maƙalewa a jijiya. In ya ɓata jijiyar ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara biyar ko bakwai sai ya shanye kamar tsoho. In ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS kan gamu da wannan kafin su kai shekara 20. Irin wannan yaro ne aka fi cewa mayu sun kama, ko aljana ta taɓa shi a bakin rijiya.

Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a gefen kan yaro, kusa da kunne. Ba allura, ba ciwo. Tana auna gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa. In jinin yana gudu fiye da kima, alama ce jijiyar ta tsuke. A cikin irin waɗannan yara 100, kamar 10 kan shanye kowace shekara in an bar su haka. A Amurka tun 1998 aka gano cewa ƙarin jini wata-wata yana kare su. Amma ina talaka zai sami jini mai tsabta duk wata, da kuɗin mota, shekara da shekaru?

Sai likitocin Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Bandabilt ta Amurka, suka gwada wata hanya. Sun ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'urar ta nuna suna cikin haɗari. An yi aikin a Asibitin Malam Aminu Kano, da na Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna. Aka ba yaran wata ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya, sau ɗaya a rana. Rabi aka ba su kaɗan, rabi aka ɗan ƙara musu. A 2022 aka ba da sakamako. Bayan fiye da shekara biyu, yara 8 kaɗai suka shanye cikin 220. Watau ɗaya ko biyu cikin ɗari a shekara, maimakon goma. Ƙaramin awon ma ya yi aiki kamar babban. Duk mai yaro SS ya kamata ya tambayi asibitin da yake kai shi game da wannan awo na kai. Ƙwayar kuwa ba a sayenta a kemis a ba yaro da ka, domin sai ana duba jininsa lokaci-lokaci.

TO, INA MAGANAR SAIWA DA SASSAƘE?

Wasu ma'aikatan asibiti da sun ji an ambaci jiƙo sai su ɓata fuska. Wannan kuskure ne, kuma shi ke sa majinyata su ɓoye abin da suka sha. Magunguna da yawa na asibiti daga itatuwa suka fito. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yanzu, daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta gano shi, Tu Yuyu, ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko, risafin, daga saiwar da masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna bayarwa aka tace shi a 1952.

A nan gida ma an yi. Wani malamin coci mai ba da maganin gargajiya a ƙasar Yarabawa, Paul Ogunyale, ya kai wa cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja haɗinsa na masu sikila. Abu huɗu ne a ciki: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani icce dangin madobiya. Aka sa masa suna Niprisan. An gwada shi a kan majinyata 82, aka ba da sakamako a 2001 cewa ya rage yawan tashin ciwon. Sai dai ciwon ƙashi aka auna a gwajin. Ba a gwada shi don hana shanyewar jiki ba, saboda haka ba zai maye gurbin ƙwayar da aka gwada a Kano ba.

Yaya ake gwada magani? Kamar yadda malamin gona ke gwada sabon iri. Ba ya shuka shi a gona ɗaya ya ce ya yi kyau, don wataƙila damina ce ta yi albarka. Gona biyu yake yi kusa da juna, ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, sannan ya auna amfanin kowace. Haka likitoci ke yi. Su kasa majinyata gida biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su abin da ya yi kama da shi amma ba komai a ciki. Majinyaci bai san wanda ya samu ba, likitan ma bai sani ba, sai an gama.

Wannan gwaji ya zama dole a kan shanyewar ɓarin jiki, saboda wani dalili. Yawancin waɗanda suka rayu sukan ɗan sami sauƙi da kansu a watanni uku na farko. Kumburin ƙwaƙwalwa yana sacewa, sassan da suka tsira suna koyon aikin waɗanda suka mutu. Duk abin da majinyaci ke sha a wannan lokaci, shi za a yaba. Wanda ya miƙe zai zaga gari yana ba da labarin mai maganinsa. Waɗanda suka sha jiƙon nan suka rasu kuwa, babu mai ƙirga su.

Mutanen Sin suna ji da maganin gargajiyarsu ƙwarai, kuma sun yarda sun sa shi a sikeli. Sakamakon ya zo iri biyu. Akwai wani haɗin tsirrai huɗu da aka daɗe ana ba waɗanda jijiya ta fashe musu. Aka gwada shi a kan majinyata 1,648 a asibitoci 26. A 2024 aka bayyana cewa bayan kwana 90 babu wani bambanci tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda aka ba na bogi. Akwai kuma wani sinadari da aka fara samowa daga irin wani ganyen miya mai suna seleri. An gwada shi a kan majinyata 1,216 masu toshewar jijiya. A 2023 aka ga kusan kashi 57 cikin ɗari na waɗanda aka ba sun sami sauƙi mai kyau, a ɗaya kashin kuwa 44. Amma a lura: sinadarin tatacce ne, an auna shi, a asibiti aka ba da shi cikin awannin farko, kuma ƙari ne a kan aikin buɗe jijiya da likitoci suka yi.

ZOƁO DA KANWA

Cikin abubuwan da ke kowane gida, zoɓo ne aka fi gwadawa. A 2010 masana a Jami'ar Tafts ta Amurka suka ba da rahoton gwajin mutum 65 masu ɗan hawan jini kaɗan. Kashi ɗaya sun sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida. Lambar sama ta jininsu ta sauka da kamar 7, ta ɗaya kashin kuwa da 1. An yi irin wannan gwaji a Inugu, nan ma aka ga jini ya sauka. Don haka zoɓo yana da amfani. Sai dai a yi lissafi. Wanda jininsa ya kai 180, in zoɓo ya rage masa 7, saura 173, har yanzu yana bakin rami. Kuma zoɓon gwajin ba irin na ƙulli da ake sayarwa a tasha ba ne, wanda aka cika wa sukari. Mai shan ƙwayar hawan jini da ke son ƙarawa da zoɓo kullum ya gaya wa likitansa.

Kanwa kuwa akasin haka take. Sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini, shi ne a cikin kanwa. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun bi lafiyar mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Suka danganta yawan abin da kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Jiƙo da tsimi da yawa da kanwa ake haɗa su. Mai hawan jini da ke shan irin wannan safe da yamma, wuta yake ƙara wa itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A cikin wannan lissafi har da na miya, da dunƙule, da yajin tsire.

Sai kuma magungunan kwalba da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa. Kwalba ɗaya wai tana maganin hawan jini, da suga, da basir, da shanyewar jiki, da sanyin mata. Mai tallan zai nuna lambar NAFDAC. Ga yawancin magungunan gargajiya, lambar tana nufin an duba ba a ga guba ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma suna hau da jini da suga.

Babbar ɓarnar dai ita ce a ce wa mutum ya ajiye ƙwayar asibiti, wai za a cire masa hawan jinin daga tushe. Ƙwayar hawan jini kamar madatsar ruwa take. Muddin tana nan ruwa na tsare. Ranar da aka ɗauke ta ruwan zai dawo, mutum bai ji komai ba sai ya faɗi. Wanda ƙwayar ta dame shi, ta kumbura masa ƙafa ko ta sa shi tari ko yawan fitsari, ya koma a canja masa wata, domin iri-iri ne. Likitocin Afirka ƙarƙashin Dokta Dike Ojji na Abuja sun gwada haɗi uku a kan mutum 728 a ƙasashe shida. A 2019 suka nuna cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata.

RANAR DA ABIN YA FARU

Alamu uku kowa zai iya dubawa. A ce wa mutum ya yi murmushi: baki ya karkace? A ce ya ɗaga hannu biyu: ɗaya ya faɗi? A ce ya faɗi sunansa da na garinsu: harshe ya yi nauyi? Ko ɗaya aka gani, a nemi mota. Wani lokaci alamun kan zo su wuce cikin 'yan mintoci, mutum ya ce iska ce ta gifta. Wannan gargaɗi ne, babban na iya biyowa cikin kwanaki kaɗan. Shi ma a tafi asibiti ran nan.

Kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu. Ciwon yakan kashe maƙogwaro, abin da aka ɗura sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Ciwon huhun da ke biyo baya yana kashe majinyata da yawa waɗanda da sun tashi. Addu'a da tofi ba sa bukatar haɗiya, ana iya yin su a cikin mota ana tafe. Kada a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton kai. In toshewa ce asfirin na taimakawa, in fashewa ce kuwa zai ƙara zubar jinin, kuma an riga an faɗa cewa ido ba ya bambanta su. Ƙaho da tsagar wanzami ba sa kaiwa ga jijiyar da ke cikin ƙoƙon kai.

A kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa riga. A riƙe lokacin da abin ya fara, ko da "bayan azahar kaɗan" ne, domin likita zai tambaya. Akwai allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, amma cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. A nufi babban asibiti mai na'urar hoton kai in da hali. A tafi da duk abin da yake sha, na kemis da na gargajiya, har da gorar jiƙon, a nuna ba tare da jin kunya ba.

Bayan an sallamo shi, aikin da ya fi kowane saiwa shi ne motsa gaɓoɓin da suka saki kullum, yadda masu gashin ƙashi suka koyar, da juya shi a shimfiɗa don kada baya ya yi gyambo, da shan ƙwayarsa ba fashi. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya ya fi kowa haɗarin faɗuwa ta biyu.

Su kuma 'yan rakiya, ƙannensa da 'ya'yansa da suka kawo ƙarfi, kafin su bar asibitin kowa ya miƙa damtse a auna shi. Awon ba ya kai minti biyar. A rubuta lambobin da kwanan wata a bayan katin asibiti, a sake aunawa bayan kaka.